Kanu a kujerar Enyimba, Musa a ofishin Pillars: iya taka leda na isa a riƙe ƙungiya?

Malam Habibu, Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun ranar da gwamnatin Kano ta sanar da naɗa Ahmed Musa janar manajan Kano Pillars a watan Yulin 2025, nake jin mutane a majalisu da gidajen kallo suna maimaita magana guda, wai yanzu an kai ƙwarya gurbinta tunda an damƙa ƙungiyar a hannun wanda ya san ƙwallo. Ni ma na yi murna, domin babu mai ƙaunar Sai Masu Gida da zai ƙi jinin yaron da ya ci mana ƙwallo 18 a kaka guda kafin ya tafi Holan a 2010. Amma kafin mu yi nisa da murna ina so mu waiwayi wani da ya riga shi hawa irin wannan kujera, wato Nwankwo Kanu, wanda gwamnan Abiya Alex Otti ya naɗa shugaban ƙungiyar Enyimba ta garin Aba a watan Yulin 2023. Kanu ya karɓi ƙungiyar ne makonni kaɗan bayan ta ɗauki kofin gasar ƙasa karo na tara a hannun koci Finidi George, wato ya tarar da tuwo a gama. Tambayata ita ce: me tafiyarsa ta nuna mana game da tsohon ɗan wasa a kujerar shugabanci, kuma me ya kamata mu roƙa wa namu tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada?

Alhaji Tijjani, Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam Habibu, ka taɓo mutumin da ba zan iya maganarsa da sanyin rai ba, don haka ka yi mini haƙuri in fara da abin da idona ya gani. A daren da Najeriya ta kara da Birazil a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Olamfik ta 1996, mun taru mu fi talatin a zauren wani maƙwabcinmu a Fagge, an ɗora talabijin a kan turmi da aka kife, yara suna zaune a ƙasa har bakin ƙofa. Da aka kai uku da ɗaya ana cin mu, wasu suka ɗauki takalmansu suka tafi barci. Ikpeba ya rage ɗaya, sannan a minti na ƙarshe Kanu ya karɓi ƙwallo yana ba gola baya, ya ɗaga ta kaɗan, ya juya ya zuba ta a raga. Da aka shiga ƙarin lokaci kuma ya sake cin wata, ƙwallon zinare da ke ƙare wasa nan take, aka tashi huɗu da uku. Waɗanda suka tafi barci ihun unguwa ne ya dawo da su, wani ma babu hula. Washegarin wannan wasa ne ya cika shekara 20 a duniya.

Abin da nake so matasan zauren nan su riƙe shi ne, a cikin wannan shekarar dai Inter Milan ta saye shi daga Ajax, likitocinta suka gano yana da lalura a zuciya, aka ce da wuya ya sake buga ƙwallo. Aka yi masa tiyata a Amurka, ya tashi, ya koma fili, ya je Arsenal a 1999, ya ci Chelsea ƙwallo uku cikin kusan kwata na awa a gidansu bayan ana cin Arsenal biyu da nema, ya ɗauki kofin Firimiya a 2002 da 2004, sannan a 2008 ƙwallonsa ce ta ba Portsmouth kofin FA a kan Cardiff. Sau biyu yana zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, 1996 da 1999. Bayan haka ya kafa gidauniyar da ke taimaka wa yara masu ciwon zuciya su sami aiki. Mutumin da ya bi wannan hanya ba zan yarda a ce bai san wahala ba ko bai san tafiyar da jama'a ba.

Nasiru, Kurna:
Allah ya ƙara girma, Alhaji. Abin da kuka faɗa shi ne hujjata. Mutumin da ya zauna a ɗakin canza kaya na Ajax a shekarar da suka ɗauki kofin zakarun Turai na 1995, ya ga yadda ake renon yaro tun yana ƙarami har ya zama ɗan wasa, sannan ya yi shekaru a ƙarƙashin Arsene Wenger, ai ya ga abin da yawancin shugabannin ƙungiyoyinmu ba su taɓa gani ba ko a mafarki. Mun gaji da ganin ana ɗauko wanda ya yi wa wani hidima a lokacin zaɓe a ba shi ƙungiyar ƙwallo a matsayin tukwici. Idan za a yi kuskure, gara a yi shi da wanda ya san ciwon ɗan wasa.

Malam Habibu, Gwammaja:
Nasiru ƙanena, ban musa maka ba, amma mu duba sakamako. A kakar farko ta Kanu, Enyimba ta fita daga gasar zakarun Afirka tun a zagayen share fage a hannun Al Ahli Benghazi ta Libiya, sannan Wydad ta Maroko ta doke ta gida da waje a sabuwar gasar da hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ƙirƙiro a 2023. A gida kuma Rangers ta Inugu ce ta ɗauki kofi a 2024, Remo Stars ta ɗauka a 2025. Yanzu ka kwatanta da wanda Kanu ya gada, Felix Anyansi-Agwu, wanda duniya ba ta san shi da wata bajinta a cikin fili ba, amma ya riƙe ƙungiyar sama da shekara 20, kuma duk kofuna tara na gasar ƙasa da Enyimba take taƙama da su a zamaninsa aka ɗauko su, haɗe da kofin zakarun Afirka na 2003 da na 2004, wanda har gobe babu wata ƙungiyar Najeriya da ta taɓa ɗauka sai ita. Ba ina cewa Kanu ya gaza ba ne, shekara biyu ba ta isa a yanke wa mutum hukunci ba. Ina cewa sunan da ya girgiza Birazil bai hana Enyimba fita a zagayen farko ba.

Baba Ɗanlami, Yakasai:
Salamu alaikum. Ni ba mai yawan rubutu ba ne, ɗana ne yake buga mini wannan ina faɗa masa, amma maganar ta shafe ni domin na buga ƙwallo shekaru da dama a rukuni na biyu, har na ɗanɗana babban rukuni na ɗan lokaci a wata ƙungiyar gwamnati ta wata jiha da ba zan kira sunanta ba. A can na ga abin da ya sa nake ganin ku duka biyun kuna kewaye ainihin maganar.

Shugabanmu a wancan lokacin tsohon ɗan wasa ne, mutumin kirki, ya san sunan kowa har da na matanmu da 'ya'yanmu. Idan ka ji rauni shi ne na farko da zai tsuguna ya taɓa ƙafarka. Amma mun yi wata biyar babu albashi, kuɗin sa hannu kuwa rabi aka ba mu aka ce saura sai an saki kuɗi, har na bar ƙungiyar ban ga sauran ba. Na tuna wata tafiya da za mu yi zuwa kudu, wasa ranar Lahadi, mun taru a bakin sansani tun asubar Juma'a da jakunkunanmu, bas tana tsaye babu mai. Shugaba yana can ma'aikatar kuɗi yana jiran sa hannun mutum guda. Sai bayan la'asar ya dawo, ya ciro kuɗi daga aljihun babbar rigarsa ya miƙa wa direba, daga baya muka ji ashe bashi ya ciyo a wurin wani ɗan kasuwa. Muka kwana a hanya, muka isa ƙafafu a kumbure, muka ci burodi da shayi a tasha, aka ci mu uku. Da muka dawo 'yan kallo suka tare shi a ƙofar fili suna zaginsa, suna cewa ya sayar da wasa. Ina kallonsa a ranar, bai ce da kowa uffan ba, ya shiga mota ya kifa kansa a kan sitiyari. Kafin kaka ta ƙare aka sauke shi ta rediyo.

Saboda haka idan kuna maganar Kanu ko Musa, ku fara tambaya: lalitar a hannun wa take? Mutum ko ya fi kowa sanin ƙwallo a duniya, idan sai ya bi layi a ofishin wani kafin ya zuba mai a bas, to sunan shugaba kawai yake ɗauke da shi.

Hajiya Binta, Tarauni:
Baba Ɗanlami, Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da nake ta neman hanyar faɗa. Na yi aikin akanta a gwamnati har na yi ritaya, kuma ko da yake ban taɓa aiki a ɓangaren wasanni ba, tsarin fitar kuɗin gwamnati iri ɗaya ne a ko'ina. Sanya kuɗi a kasafi daban, amincewa da takardar neman kuɗi daban, sakin kuɗin kuma daban. Takarda tana iya samun sa hannun kowa amma ta kwanta saboda a wannan watan albashin ma'aikata da wasu ayyuka sun sha gabanta. Gasar ƙwallo kuwa ba ta jiran kowa, ranar wasa ranar wasa ce, ko an saki kuɗi ko ba a saki ba. Wannan saɓanin tsakanin agogon gwamnati da agogon gasa shi ne yake cinye shugabannin ƙungiyoyinmu.

Malam Habibu ya kawo misalin Anyansi-Agwu, amma ya kamata a ƙara da cewa shekarun da Enyimba ta fi haskakawa sun zo daidai da mulkin Orji Uzor Kalu daga 1999 zuwa 2007, gwamnan da kowa ya san ya ɗauki ƙungiyar tamkar 'yarsa. Shugaba ya iya aikinsa, babu shakka, amma yana da gwamnan da ke ɗaga masa waya, kuma an bar shi a kujera har ya koyi aikin ya goge. Ku duba kuma Remo Stars da ta ɗauki kofin 2025: ta mutum ɗaya ce, Kunle Soname, tana da filinta a Ikenne, tana da makarantar renon yara, kuma ba ta jiran a rantsar da sabuwar gwamnati kafin ta san wanda zai jagorance ta.

Nasiru, Kurna:
Hajiya, na ji bayaninku kuma na ƙaru. Amma ai a Turai ma an yi tsofaffin 'yan wasa da suka riƙe ƙungiya suka kai ta inda ba a zata ba. Bayern Munich fa? Beckenbauer ya shugabance ta daga 1994 zuwa 2009, Uli Hoeness ya gaje shi, Rummenigge kuma ya riƙe harkokin yau da kullum har zuwa 2021, dukkansu kuwa tsofaffin 'yan wasanta ne. Santiago Bernabeu da aka sa wa filin Real Madrid sunansa shi ma ɗan wasan ƙungiyar ne kafin ya shugabance ta daga 1943 har rasuwarsa a 1978. Me zai hana a yi irin wannan a Aba ko a Kano?

Mustapha, Ɗorayi:
Yaya Nasiru, misalan da ka kawo gaskiya ne, amma idan ka buɗe cikinsu za ka ga suna goyon bayan Hajiya ne. Hoeness ya daina buga ƙwallo yana da shekara 27 saboda ciwon gwiwa, ya zama manajan Bayern a 1979, kuma sai da ya yi shekara 30 yana wannan aiki, yana neman masu tallafi, yana cinikin 'yan wasa, yana lissafin kuɗin ƙofa, kafin ya zama shugaba a 2009. Wato ba daga fili ya yi tsalle ya faɗa kujerar ba, ya yi zaman almajirci a ofis. Sannan a can mambobin ƙungiya ne masu biyan kuɗin rajista suke zaɓen shugaba, kamar yadda mambobin Boca Juniors a Ajantina suka zaɓi Riquelme a ƙarshen 2023. Wanda jama'a suka zaɓa ya san wa'adinsa, ya san waɗanda za su tambaye shi, kuma babu mai sauke shi da sanarwar rediyo.

A ɗaya gefen kuma akwai Ronaldo na Birazil, wanda babu mai gardama a kan iya ƙwallonsa. Ya sayi kaso mafi rinjaye na Real Valladolid a Sifaniya a 2018, da kuɗinsa da ikonsa, babu gwamnan da yake jira, amma ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2021, ta sake faɗawa a 2023 da 2025, har magoya baya suka riƙa ɗaga kwalaye suna neman ya tafi, babban ƙorafinsu kuwa shi ne ba ya zama a garin. Wannan ya nuna ko lalitar tana hannunka, sai ka zauna ka tsare gida.

Alhaji Tijjani, Fagge:
Mustapha, ka yi magana ta masu hankali, Allah ya yi maka albarka. Amma kada mu rage wa suna darajarsa gaba ɗaya. Kamfanin da ba zai saurari wani shugaban ƙungiya ba, idan aka ce Kanu ne a bakin ƙofa zai buɗe. Yaron da ake zawarcinsa a ƙungiyoyi uku, idan Ahmed Musa ya kira mahaifinsa da kansa, ina tabbatar muku Kano zai zo. Mun gani da idonmu yadda filin Sani Abacha ya riƙa cika bayan Musa ya dawo a 2024, mutane daga ƙauyuka suna sauka a Ƙofar Mata tun kafin azahar. Wannan jari ne, kuma ba kowa yake da shi ba. Abin da nake tsoro shi ne a yi amfani da sunan a matsayin garkuwa, idan abu ya yi kyau a ce gwamnati ta yi ƙoƙari, idan ya lalace a tura shi gaba ya sha jifa shi kaɗai, kamar mutumin da Baba Ɗanlami ya ba mu labari.

Baba Ɗanlami, Yakasai:
Alhaji, tsoronka shi ne nawa. Akwai kuma wani abu da ya bambanta Musa da Kanu wanda ban ji kowa ya taɓo ba. Kanu ya rataye takalmi fiye da shekara goma kafin a ba shi Enyimba. Musa kuwa an ba shi ofis yana cikin 'yan wasa. Ku yi tunanin koci da zai zaɓi mutum goma sha ɗaya ranar wasa, alhali ɗaya daga cikin waɗanda zai zaɓa ko ya ajiye a benci shi ne mai sa hannu a takardar aikinsa. Ku yi tunanin ƙaramin ɗan wasa da ke bin alawus na wasa uku, wa zai kai wa kuka, abokin wasansa ko manajansa, tunda mutum ɗaya ne? Na san Musa mutum ne mai kyauta da sauƙin kai, duk Kano ta shaida, amma kyautar mutum ɗaya ba ta zama tsarin biyan albashi. Ranar da ya ciro daga aljihunsa ya biya, za a yaba masa, wata mai zuwa kuma a zuba masa ido ya sake.

Malam Habibu, Gwammaja:
Baba, wannan batu ne mai nauyi, kuma ban yi tunaninsa ta wannan fuskar ba. Bari in ƙara da abin da tarihinmu na gida ya nuna. Pillars da aka kafa a 1990 ta ɗauki kofin ƙasa a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, mutumin da ya ci wa Enyimba kofin Afirka na 2003, ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka ta 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta jera kofi uku a 2012 da 2013 da 2014. Duk wanda ya bi ƙungiyar a waɗannan shekarun ya san sirrin bai wuce an riƙe ginshiƙan 'yan wasa irin su Rabi'u Ali shekara da shekaru ba, ana biyansu, kuma Kano ta zama wurin da baƙo ba ya zuwa da sa ran maki. Da abubuwa suka taɓarɓare kuma, aka riƙa kai mana wasannin gida wajen Kano, aka cire mana maki saboda rikici, muka faɗa rukuni na biyu a 2022. Wannan faɗuwa ba rashin wanda ya iya ƙwallo ne ya jawo ta ba, lamari ne na tsaron fili da ladabtar da 'yan kallo da tafiyar da ofis, kuma waɗannan su ne ayyukan da ke jiran duk wanda ya hau kujerar, ko ya taɓa ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina kamar Musa ko bai taɓa ba.

Hajiya Binta, Tarauni:
To tunda mun zo nan, ni abin da zan so mu nema a rubuce, ba a baki ba, shi ne a ware wa ƙungiyar kuɗinta na kaka tun kafin a fara gasa, a zuba a asusunta kashi-kashi a ranakun da kowa ya sani, yadda manaja zai iya yi wa ɗan wasa alkawari ya cika. Kuɗin tikiti da na sayar da riguna da na cinikin 'yan wasa su shiga wannan asusun, a kuma buga lissafinsu a ƙarshen kaka kowa ya gani. Sannan a ba shi ƙwararren akanta da lauyan da ya san dokokin kwantiragi, domin ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan sun yi asarar yaran da suka rena saboda takarda guda da ba a rubuta daidai ba. Idan aka yi haka kuma aka ba shi wa'adi sananne, to a nan ne za a iya auna shi da adalci, a yaba ko a kushe.

Nasiru, Kurna:
Na karɓi gyara, Hajiya, duk da dai har yanzu ina kan bakana cewa idan an daidaita duk waɗannan abubuwa, tsohon ɗan wasa zai fi wanda bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba. Ina da shawara: me zai hana mu rubuta waɗannan buƙatu a takarda guda mu miƙa wa ƙungiyar magoya baya, su kai wa hukumar gudanarwa kafin a buɗe kaka? Idan an amince, ni zan ɗauki nauyin bugawa da kaiwa.

Malam Habibu, Gwammaja:
Na amince, Nasiru. Hajiya, idan ba za mu takura miki ba, ki tsara mana ɓangaren kuɗin tunda ke kika san harshen da ofis yake ji. Baba Ɗanlami kuma ina roƙon ka ba mu abin da ya shafi 'yan wasa, musamman kuɗin sa hannu da kula da wanda ya ji rauni, ɗanka ya turo mini ko da da muryarka ce, ni zan mayar da shi rubutu. Zan haɗa komai in sako a nan ranar Alhamis da daddare domin kowa ya duba ya yi gyara, sannan mu haɗu ranar Asabar bayan sallar la'asar a bakin filin wasa na Ƙofar Mata mu sa hannu.

Baba Ɗanlami, Yakasai:
Allah ya kai mu. A saka mini maganar motar tafiya da masauki a ciki, a rubuta cewa ƙungiya ta isa garin da za ta yi wasa aƙalla kwana guda kafin ranar. Zan zo ranar Asabar in Allah ya yarda, amma a samo mini kujera domin gwiwar ba ta barina in daɗe a tsaye.